Fatar Kawu Da Ba A Binne Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Kawu ya riga mu ranar wata Talata da hantsi. Yana zaune a kan tabarmarsa a zaure, rediyo na ta surutu a gefensa, shayinsa bai ma huce ba. Ba jinya, ba asibiti. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Ni ba marubuci ba ne. A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya. Yanzu ma da babban alƙalamin da ake rubutu a jikin buhu nake yi, baƙi ɗaya ya kai girman goro, don idona ba ya kama ƙanana. Abin da na ji a zaman makoki ne ya zaunar da ni.

Babban ɗan Kawu darakta ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, saboda haka layinmu na Karmo ya cika da manyan motoci har mai ruwa ya rasa inda zai bi da kurarsa. Su shigo da ƙamshin turare, su tsuguna suna tattare babbar riga kar ta taɓa ƙasa, kowa ya ce, "Allah Ya jiƙan Baba. Mutum ne mai haƙuri." Na ji wannan magana har kunnena ya gaji. Ƙarya ce. Makaho suka gani, suka ɗauka dole mai haƙuri ne. Kawu ba shi da haƙuri ko kaɗan, da yana jinsu da ya kore su da sanda.

Waɗanda suka san shi suna waje a bakin kwata, ba wanda ya shimfiɗa musu tabarma. Wani tsohon lebura Bagwari, da ya yi masa aiki tun ana sare dajin da ya zama Garki, ya ce mini, "Oga ya zage ni, ya zage ni, amma ko rana ɗaya bai bar ni na kwana da yunwa ba." Matar da ke sayar da shinkafa a gaban shagonsa, Kirista ce 'yar Kudancin Kaduna, ta zauna a dakali tana kuka tana cewa, "Yanzu wa zai ce mini gishiri ya yi yawa?"

Ranar sadakar uku sai ga wata mata ta zo, ta ɗaura ɗankwali a karkace irin na wadda ba ta saba ba. Ni na santa. Likita ce mai bincike, 'yar Filato, ta yi karatu a waje ta dawo tana aiki a wani ɗakin gwaji a cikin gari. Ta durƙusa gaban Darakta ta yi gaisuwa da Hausarta ta Jos, sannan don ta sanyaya masa zuciya ta ce, "Oga, ka yi haƙuri. Baba bai tafi duka ba. Fata nashi yana wurinmu, yana da rai, yana aiki."

Wani ya tsaya da dabino a bakinsa.

Darakta ya ce, "Fatar wa?"

Daga nan rigima ta tashi. Amma sai na koma baya, don wanda bai san gidanmu ba ya gane.

A danginmu akwai ciwon ido. Da dundumi yake farawa tun mutum yana yaro: rana ta faɗi, ido ya faɗi tare da ita. Sannan ya dinga cin gefe-gefe a hankali, har mutum ya koma kamar mai leƙen duniya ta cikin bututu. Daga ƙarshe bututun ya toshe. Kawu yana da shi. Kawun Kawu ya yi shi. Ni ɗan ƙanwarsa ina da shi. Amma 'ya'yan Kawu maza biyu, idonsu garau, Darakta har zare yana sa wa allura. Ciwon ba ya bin uba zuwa ɗa. Ta mata yake bi. Mace ta ɗauke shi ba ta sani ba, idonta lafiya, ta ba ɗanta. Shi ya sa nake cewa su Darakta sun gaji gida da shago da gonar Yangoji, ni kuwa na gaji ido. Na faɗa a gabansu, ba a bayan idonsu ba.

Lokacin da aka koro ni daga makarantar kwana, don ba na iya karatun bayan magariba kuma ina tuntuɓe da bokitan mutane, mahaifina ya ce iskanci ne da lalaci. Kawu ya zo garinmu, ya shafa fuskata da hannunsa, ya ce wa mahaifiyata, "Haɗa masa kayansa." Bai nemi izinin kowa ba. A lokacin ya riga ya bar aikin birkila, idon ya kusa rufewa, ya buɗe wurin buga bulo da sayar da siminti. Da farar hula suka dawo, kuɗi ya shigo Abuja, kowa na gini, kasuwarsa ta buɗe. Da wannan bulo ya yi wa Darakta karatu.

Ni kuwa ya yi mini wani karatun. Ranar da na sauka ya ɗaure mini ido da rawaninsa, ya ce in nemo randa. Na buge ƙafa da turmi na yi ihu. Ya ce, "Madalla, yanzu ka san inda turmi yake." Haka ya dinga yi mini, in ci tuwo ido a rufe, in aske gemu ido a rufe, in gane ƙarfen rodi da hannu. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Koya yanzu da kake da inda za ka leƙa ka gyara. Ni ba wanda ya gaya mini, da goshina na koya." A lokacin na tsane shi. Yau da wannan karatu nake cin abinci.

Halayensa ba su da daɗi duka. Da magariba ta yi zai ɗaga murya, "A kunna fitila, akwai masu ido a gidan nan!" alhali shi dare da rana ɗaya ne a wurinsa. In aka kai shi sabon gini, ko na minista ne, sai ya shafa bango ya ce, "Wane ɗan banza ne ya yi wannan filasta?" Wata Juma'a wani bawan Allah ya gan shi zaune a ƙofar masallaci yana jirana, ya saka masa sadaka a hannu. Kawu ya damƙe wuyan hannun mutumin ya ƙi saki, ya ce, "Kai, ina kake aiki? In ba ka da aiki ka zo gobe, ina neman mai ɗaukar bulo." Da aka rushe masa gidansa na Durumi, bai yi kuka ba, bai je ofishin kowa ba. Ya sa mu tsince bulon da bai fashe ba, muka kwaso zuwa Karmo. Yana tsaye yana ƙwanƙwasa kowanne da sanda yana cewa, "Wannan nawa ne, ni na buga shi. Katafila ma ta san shi."

Akwai kuma wata al'adarsa da kowa a gidan ya sani, ita ce ma tushen rigimar. Kawu ba ya yar da komai na jikinsa. In ya yanke farce sai ya tara a tafin hannu, a tona rami a gindin katanga a binne. In wanzami ya yi masa aski, sai an tattara gashin kaf. Haƙorinsa da ya fita, shi ma an binne. Yakan ce, "Jikin ɗan Adam ba shara ba ne." Darakta tun yana ƙarami shi ake ba gashin ya je ya binne. Wannan na yarda, ba ƙarya ya yi ba.

To, Likita ta same mu ne ta asibitin ido, inda nake zuwa a duba ni a ce in dawo. Ta ce tana neman dangi masu irin wannan ciwo. Na kawo ta wurin Kawu don ya kore ta, in huta. Sai ya ba ta tabarma.

Ta yi masa bayani. Ta ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya tana ɗauke da umarnin ginin mutum gaba ɗaya, daga gashi har farce. Abin da ya bambanta ƙwayar fata da ta ido shi ne wane sashe na umarnin ne a kunne, wane ne a kashe. Ta ce yanzu masu bincike sun gano yadda za su ɗauki ƙwayar fata su mai da ita jaririya, ta manta cewa ita fata ce, sannan su lallaɓa ta ta zama irin ƙwayar da ke can bayan ido. Ta haka za su zauna su kalli yadda ciwon ke cin idon Kawu a cikin faranti, ba tare da sun taɓa idonsa ba, su nemo daidai wurin da umarnin ya sami tangarɗa, su gwada gyara.

Kawu ya ce, "Wato ki farfasa bulo ya koma yashi da siminti, ki sake buga abin da kike so."

Ta ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce, "Mu ba ma iyawa. Siminti in ya kama ya kama. Zan warke?"

Ta ce, "A'a, Baba. Ba zan yi maka ƙarya ba. Shi ma wannan," ta nuna ni, "ba na jin zai samu. Wataƙila jikoki. Wataƙila su ma a'a."

Ya ce, "Da kin ce zan warke da kin bi ƙofar nan. Ina wuƙar?"

Aka yanki 'yar fata a damtsensa, ba ta kai ƙwayar masara ba. Ni ma aka yanki tawa, har sau biyu. Tawa ta ƙi. Likita ta ce haka abin yake, wata takan kama wata ta mutu, ba wanda ya san dalili sosai. Ta Kawu kuwa, ta tsoho, ta kama ta yi ta yaɗuwa. Ya yi wata guda yana yi mini dariya. Duk wanda ya shigo shago sai ya ce, "Ka ga wannan? Har fatarsa gardama gare ta. An ce ta yi aiki ta ƙi."

Wata rana ta kira mu mu gani. Aka sa mana fararen riguna da wasu ledoji a ƙafa, Kawu yana ta masifa wai an mai da shi mai gawa. Ta kai mu gaban madubin likita. Kawu ya tura ni, ya ce, "Leƙa ka gaya mini. Kar ka ƙara gishiri."

Na leƙa. Abin mamaki, ni da ba na ganin mutum in ya tsaya a gefena, a cikin wannan rami na gani tar. Na ce, "Kawu, kamar daɓen tayil ne. Ƙanana, masu kusurwa shida, ruwan ƙasa-ƙasa, sun manne da juna."

Ya ce, "Akwai giɓi?"

Na ce, "Babu."

"Layi ya tafi daidai?"

"Ya tafi."

Ya juya wajen da yake jin numfashin Likita, ya ce, "To wannan kam aikina ne."

Ban taɓa jin muryarsa haka ba, kuma ban sake ji ba.

Mun yi faɗa a kan wannan abu, ba sau ɗaya ba. Shekara ta zagayo, wata ta zagayo, ba magani, bututuna na ƙara tsukewa. Na ce masa wasa ake yi da mu, su suna tafiya taro ƙasar waje da hoton fatarsa, mu muna nan muna buge goshi. Har yau ban janye wannan magana duka ba. Ya ce, "Kai wawa ne. Da na buga bulon gidajen Maitama, ni zan kwana a ciki?" Na ce ai shi ne abin haushin. Ya ce, "Ji haushin, amma ka ɗauki bulo." Muka yi kwanaki ba ma magana, sai a kan kasuwa.

A cikin irin wannan faɗa ne na ce masa, shi da yake binne farce, ya aka yi ya bar fatarsa a daskare cikin tulun ƙarfe a hannun baƙi? Ya ce, "Farce matacce ne, shi ya sa nake binne shi. Wannan kuwa Likita ta ce tana da rai. Ka taɓa ganin an binne mai rai?" Ni kaɗai ya gaya wa. 'Ya'yansa maza bai gaya musu komai ba, ya ce in suka ji za su kira mitin.

To, ga shi sun ji.

Ranar sadakar bakwai aka zauna a ɗakin Hajiya, matar Kawu, tana takaba. Akwai Darakta, da ƙaninsa wanda bai taɓa saɓa masa ba tun suna yara, da ƙanwarsu, ita kaɗai ce mace, malamar firamare ce. Aka kira limamin unguwa. Ni ba a kira ni ba, na shiga. Tsakanina da 'ya'yan Kawu akwai wasan taubasai, su 'ya'yan namiji ni ɗan mace, saboda haka tun muna yara suke ce mini bawansu. Da na shigo Darakta ya ce, "Bawa, yau ba ranar wasa ba ce." Na ce, "Shi ya sa na zo."

Darakta ya riga ya je ya tambayo. Likita ta gaya masa ƙa'idar wurinsu: in mai fata ya rasu, iyalinsa suka ce a dawo da ita, dole a dawo. Tana cikin wasu 'yan kwalabe da ba su kai ɗan yatsa ba, a daskare cikin tulu mai hayaƙin sanyi. In aka fito da su suka huce, shi ke nan. Kuma duk cikin danginmu ta Kawu ce kaɗai ta kama.

Darakta ya ce, "Mutumin da bai yarda gashinsa ya kwana a ƙasa ba, mu bar namansa a firiji kamar kifi? Ba na iya barci. In na rufe ido sai in ga mun kai shi da saura."

Na faɗi abin da Kawu ya gaya mini. Ya ce, "Wa ya ji?" Na ce ni. Ya ce, "Kai kana da buƙata a ciki."

Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Ƙwarai ina da buƙata. 'Yata tana da ciki. Kai me ka sani? Ka taɓa tsayawa a bakin titin Berger da magariba kana jiran wani ya ji tausayinka? Kuma 'yar fatar da aka yanka ta daɗe da ƙarewa. Abin da ke cikin kwalaben nan 'ya'yanta ne da jikokinta, daga jikinsa suka fito kamar yadda kuka fito. In duk abin da ya fito daga jikin Kawu binne shi za a yi, ku fara shiga ramin."

Ƙaninsa ya miƙe zai kama ni. Hajiya ta ce, "Ku ji tsoron Allah, ko arba'in ba a yi ba." Liman ya ce a yi salati.

Aka tambayi Liman hukunci. Mutumin kirki ne. Ya ce shi dai ya san abin da aka yanke daga jikin mutum ana so a binne shi, ya kuma san taimakon marar lafiya abu ne babba, amma naman da ke hayayyafa bayan mai shi ya rasu, bai taɓa cin karo da shi a karatunsa ba, kuma ba zai ƙirƙiro ba. Ya ce a tambayi na gaba da shi. Darakta ya ce ba zai jira ba, gobe zai je da ƙyallen likkafani.

Duk wannan abu taubashiyata, ƙanwar Darakta, tana gefe. Tana zaune kusa da uwarta tana murza bakin hijabi. Sai ta ce, "Malam, ina da tambaya."

Liman ya ce, "Bismillah."

Ta ce, "Abin nan, na Baba ne ko ba nasa ba ne?"

Darakta ya ce, "Wace irin tambaya ce wannan?"

Ta ce, "Yaya, da Malam nake. In Baba ya bayar da shi kyauta yana da rai, da hankalinsa, to ya fita daga hannunsa, ba mai ikon karɓowa. In kuma har yanzu nasa ne, har muna da ikon karɓowa, to abin da ya bari ne. Abin da mamaci ya bari kuwa raba shi ake yi. A raba. A ba Hajiya tumuninta, ku maza ku ɗauki kashi bibbiyu, a ba ni ɗaya. Ku binne naku. Nawa a bar shi inda yake."

Darakta ya ce, "Jikin uba ne, ba gona ba!"

Ta ce, "To wa ya ba ka shi kai kaɗai? Ni ba ubana ba ne?" Ta ci gaba da cewa, "Yaya, 'ya'yanka ba ruwansu, Likita ta faɗa. Ni kuwa duk 'yar da mai wannan ciwo ya haifa tana ɗauke da shi, ba wataƙila. Maza uku gare ni. Kullum magariba ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon ƙafafunsu, in ga wa zai yi tuntuɓe. Kai kana cewa ba ka barci tun ranar sadakar uku. Ni tun da na haifi na farko."

Liman ya yi gyaran murya ya ce shi ba zai kira wannan rabon gado na shari'a ba, kar a je a ce ya faɗa. Amma in sulhu ake so, bai ga sulhun da ya fi wannan ba, tunda dai ba mai iya cewa ita ba ta da hakki a kan mahaifinta.

Na ɗauka Hajiya za ta bi 'yarta. Ba ta bi ba. Ta ce, "Nawa a binne. Shekara da shekaru ina share farcensa ina tarawa. Ba zan iya ba." Ta kama hannun 'yarta ta riƙe, ta ce, "Ke kuma ki bar naki." Ban ji haushinta ba. Na so in ji, ban iya ba.

Washegari muka je. Likita ta sa safar hannu mai kauri, ta buɗe tulu, hayaƙi ya zubo ƙasa. Fuskarta kamar za ta yi kuka, amma ba ta roƙi kowa ba. Aka jera kwalaben aka raba yadda aka ce. Abin da ya rage wa taubashiyata ɗan kaɗan ne, Likita ta mayar da shi cikin tulu da sauri. Sauran kuwa, Darakta ya naɗe su a farin ƙyalle ya rungume a ƙirji. A mota yana ta cewa direba ya bi a hankali.

Na bi su maƙabarta. Ni na tona ramin a gefen kabarin, don duk cikinsu ba mai iya riƙe diga. Darakta ya durƙusa da shaddarsa a cikin jar ƙasa, ya saka ƙunshin, ya rufe da hannunsa, sai ya fashe da kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Ina jin haushinsa har yanzu, kuma ina ganin asara aka yi. Amma na dafa kafaɗarsa, don ubansa yake yi wa kuka, ba ƙarya a ciki.

Saura fargaba. Likita ta ce ba duk kwalbar da aka narkar take farfaɗowa ba, kuma da da yawa ne ba damuwa, yanzu kuwa in ta gwada suka ƙi, zance ya ƙare. Ta tambayi taubashiyata ko a bar su a daskare a jira. Taubashiyata ta ce, "A jira me? Tashe su."

Muka shiga jira. Ina shago ina sayar da siminti, waya na aljihun gaba, duk ƙarar da ta yi sai in zaro ta da sauri. Ana gobe sadakar arba'in taubashiyata ta zo da kanta, ta tsaya a ƙofar shago daidai inda ta san zan iya ganinta.

Ta ce, "Bawana, tashi ka ba uwar ɗakinka kujera."

Na ce, "Faɗi mana, ke!"

Ta ce, "Sun tashi. Sun cika faranti, Likita ta raba su biyu, sun sake cikawa. Ta ce nan da ɗan lokaci za ta mayar da wasu cikin tulu, su fi na da yawa."

Na zauna a kan buhun siminti.

Ta ce ta riga ta gaya wa Darakta, don ba za ta yi abu a ɓoye ba. Na ce me ya ce? Ta ce cewa ya yi, "Wannan naki ne. Ni na binne nawa."

Allah Ya jiƙan Kawu. Ya yafe masa zafin bakinsa, Ya saka masa da alheri saboda cikunan da ya ciyar, Ya buɗe masa idanu a inda ba ciwo. Mu da ya bari, Allah Ya ba mu ƙarfin abin da ke gabanmu.

Don akwai abu a gabanmu. Likita ta ce mutum ɗaya ba ya isa a tabbatar da inda tangarɗar take. Tana buƙatar jinin wasu daga dangi, masu ciwon da matan da suka haife su, ta gwada da na Kawu. Suna can garinmu, gida-gida, na san su duka. Ɓoye abin suke yi, suna cewa sammu ne ko faɗuwa ce aka yi da yaro, don kar a ƙi auren 'ya'yansu mata. Ba wanda ya taɓa zama ya ce musu ta jikinku yake bi, kuma ba laifinku ba ne. Darakta ba zai je ba. Taubashiyata tana da makaranta. Ni ne, tun ina iya gane motar da zan hau.

Na san abin da zan tarar. Iyayena mata za su ce na zo tona asirin gida, wata za ta watsa mini ruwan wanke-wanke, wata za ta ce a sakar mini kare. Su yi. Zan zauna a ƙofar kowace har ta gaji ta miƙo hannu. Jibi da safe zan tafi.